Kusar da Injiniya Ta Zare

Wanda ya fara kiranta Injiniya tsokana yake yi. Ƙanin mijinta ne, autan gidansu, wanda har ya tara gemu ya ajiye 'ya'ya huɗu ba a daina ce masa Auta ba. Ya shigo wata rana ya same ta durƙushe a rumfar bayan gida, sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu, sai ya cire hula ya rusuna ya ce ran Injiniya ya daɗe. Ta jefe shi da tsumma. Sunan dai ya kama ta, har maƙwabta suka manta da wanda iyayenta suka raɗa mata, ita ma ta gaji da musu ta fara amsawa.

Injin da take wa hidima ba nasu ba ne. Na ƙungiyar manoman unguwar ne, 'yar tarakta mai taya biyu wadda ba a hawa, sai dai mutum ya kama ƙahonninta ya bi ta a baya da ƙafa. Ƙungiyar ta damƙa shi a hannun mijinta, Dogo, shekara goma sha huɗu da suka wuce, shi ne yake bi gona gona yana yi wa 'yan ƙungiya aiki, da abin da ake ba shi gidan yake ci. Shi injin a karan kansa ba ya tsinana komai sai ƙara da hayaƙi, abin da aka jona masa shi ne aikinsa. Akwai garma ta huɗa, akwai mashuki, akwai tirela ta ɗauko amfanin gona, akwai famfon ban ruwa na rani. Sai kuma babbarsu, wadda suke kira mai wuƙaƙe, wani ƙarfe ne mai juyawa da wuƙaƙe goma sha takwas a jikinsa, yana niƙe ƙasa ta yi laushi kamar an tankaɗe ta. Duk wanda za a jona a cikinsu, wata kusa ce guda ɗaya mai kaurin babban yatsa take riƙe shi a jikin injin.

Ba da niyya ta shiga aikin ba. A daminar farko Dogo yakan dawo hannuwansa suna rawa don girgizar ƙarfe ta wuni guda, ko kofin ruwa ba ya iya kaiwa baki bai zubar da rabi ba. Ta ce masa ya je ya kwanta, ita za ta ɗauraye ƙarafan. Daga ɗauraya ta lura noti ɗaya ya saki, ta ɗaure shi. Mahaifinta mai gyaran keke ne, ta tashi tana miƙa masa sifana, don haka ƙarfe bai taɓa ba ta tsoro ba. Injin ya zo da wani littafi cikin harshen da babu mai jinsa a gidan, sai ta bar rubutun ta karanta hotunan, har shafukan suka yi baƙi da tambarin yatsunta.

Duk wanda ya leƙa rumfar nan ya san da hannun mutum a cikinta. Tirela tana ɗage kan bulo don kada tayoyinta su kwanta. Bel yana rataye a inuwa, don rana tana tsattsaga shi. Bakin garma kullum a shafe da tsohon baƙin mai, tsatsa ba ta taɓa samun wurin zama ba. Mashuki kuwa sai ta zazzage shi ta busa kowane rami kafin ta rufe, tun ranar da ɓera ya yi gida a ciki ya ci sauran iri ya bar mata godiya. Notuna suna cikin gwangwanayen madara, kowane da girmansa, kuma kada ka sake ka zuba na wannan a cikin wancan in kana son ku rabu lafiya. Wuƙaƙen nan tara lanƙwasarsu dama take kallo, tara hagu, in aka ɗaura su ba bisa tsari ba sai ƙasa ta taru gefe guda a bar rami a tsakiya. Ta ɗiga wa na dama jan fenti. Duk Asabar takan kwance su ta jera a tabarma biyu biyu, ta bi su da magagari tana wasawa tana 'yar waƙarta ƙasa ƙasa, kaji suna kewaya ta.

Gonakin da injin ke shiga sun kai arba'in, ita kuwa da wuya in ta taɓa taka biyar a ciki, ga gida ga kaji ga yara lokacin suna ƙanana. Amma ta san su duka ta ƙasar da ke dawowa manne a jikin ƙarfe. Ta san mai yashi, ta san mai tsakuwa da ke cin bakin wuƙa, ta san baƙar laka mai danƙo ta gonar shugaban ƙungiya. Ta kuma san gonar wani tela da ke gefen tsohon wurin gasa bulo, ƙasarta cike da ɓarɓashin jan bulo, kuma aya-aya ta cinye ta. Manomi ya san aya-aya: ciyawa ce mai 'ya'ya baƙaƙe a ƙarƙashin ƙasa, in ka sare ganyen ka yi mata aski ne kawai, ɗa guda ya faɗa gonarka kuwa bayan damina biyu sai dai ka yi ta sallallami. Saboda ita Injiniya ta kafa doka tun shekarar farko. Gonar Tela ita ce ta ƙarshe a mako, ranar Juma'a da yamma, daga can sai gida, a kwance wuƙaƙe a wanke kafin su ga wata ƙasa. Tela ya sha mita a kan ana mayar da shi saniyar ware, Dogo yana ba shi haƙuri, bai taɓa gaya masa daga inda dokar ta fito ba.

A waje Dogo ake yabo. Ana cewa injin ƙungiyoyin da ke kewaye sun mutu sun zama wurin kwanan kaji, na Dogo kuwa kamar jiya aka kwance shi daga kwali. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ikon Allah ne. Auta yakan ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ita kuma ta ce masa to shi mene ne nasa a ciki, ɗan kallo. Ba za a ce abin bai taɓa sosa mata rai ba, mutum ce. Amma tana son mijinta, tana son ƙarafan, kuma ta ɗauka yabon da ya shigo gidan ai ya shigo gidan.

Sai ga shi a ranin da ya wuce hawan jini ya kayar da Dogo a bakin rijiya. Ya tashi da ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki a karkace, magana ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. 'Yan ƙungiya suka yi zuwan dubiya, suka yi addu'a, sannan da damina ta matso suka yi maganar da dole a yi ta. Inji ba zai zauna jinya ba. Don mutuncin Dogo suka yarda a bar shi a gidan damina ɗaya Auta ya riƙa ja, in an ga daidai a ci gaba, in ƙorafi ya yi yawa a mayar da shi hannun wani. Injiniya ta san abin da ke cikin maganar nan ya wuce abinci. Likita ya ce Dogo ya riƙa motsa jiki, ya ƙi, amma da ya ji an tayar da inji da safe sai ya ja sandarsa ya ja ƙafa har rumfa, ya zauna a kujerarsa yana saurare, in ƙarar ta canza ya ɗaga yatsa. Tafiyar nan ta taku ashirin ita ce duk abin da ya rage masa na fita aiki, kuma tana tsoron ranar da ba zai sami dalilin yin ta ba.

Auta ba malalaci ba ne, kada a ci zalinsa. Ƙarfi gare shi kamar me, kuma yana son a ce ya fitar da yayansa kunya. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya ce wa mutum a'a, kuma yana ganin duk minti ɗaya da inji ya yi a kashe asara ce. In ta ce ya tsaya a matsa giris sai ya ce Injiniya ai jiya ma an ba shi ya ci ya ƙoshi. In ta ce sauri ya haifi nawa sai ya ce nawa kuma ta haifi me. Haka suka yi makonni uku suna ja tana ja, aiki dai yana tafiya, har shugaban ƙungiya ya aiko da gaisuwa.

Ranar wata Laraba da tsakar rana Auta ya shigo da injin don ya ƙara dizal shi ma ya sa wani abu a cikinsa, daga nan ya wuce gonar Shugaba. Shugaba zai dasa tattasai ne. Tun safe ya sa an cire dashen daga bedin da aka rene shi an nannaɗe a jiƙaƙƙen buhu, masu dashe suna zaune gindin bishiya, ana jiran mai wuƙaƙe ta zo ta niƙe ƙasa kawai. Injiniya ta kai wa Auta ruwa, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin ƙarfen kamar yadda ta saba, ta sa yatsa ta ɓanɓaro laka ta murza. Ɓarɓashin jan bulo ya fito a tafin hannunta. Ta jawo ciyawar da ta nannaɗe a jikin ƙarfen, sai ga saiwoyi sirara kamar zare, da baƙaƙen 'ya'ya a jere.

Ta tambaye shi daga ina yake. Ya ce daga gonar malamar asibiti, kamar yadda aka tsara. Ta ce yaushe malamar asibiti ta fara gasa bulo a gonarta. Auta ya sosa ƙeya. Ashe Tela ne ya tare shi a hanya ya yi ta magiya, ya ce rabin awa kawai, ga gonar a bakin hanya, don me zai jira Juma'a ruwa yana wuce shi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yanzu zai watsa wa ƙarfen bokiti biyu a wuce wurin. Ta ce masa 'ya'yan ba a fili suke ba, suna maƙale a bayan kowace wuƙa inda noti ya danne laka, sai an kwance duka goma sha takwas ɗin. Ya ce awa nawa ke nan. Ta ce uku. Ya nuna mata gabas, hadari ya fara haɗuwa, ya ce ta kalla da kyau, sannan ya shige ɗaki cin abinci.

Ta tsaya ita kaɗai a gaban injin, ga Dogo a kujerarsa yana kallonta. Ta san Shugaba ya shekara uku yana tsince gonar nan da hannu kafin ta zama abin da ta zama. Ta san in wuƙaƙen nan suka shiga cikinta za su shuka masa aya-aya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ba zai gane ba sai baɗi, lokacin babu mai iya cewa ga inda ta fito. Babu wanda zai kama su. In kuwa ta tsayar da injin, yau ɗin nan za a san wanda ya tsayar da shi, kuma mutumin da za a ɓata wa rai shi ne mai faɗa a ji a kan zaman injin a gidan. Ta ji tsoro sosai. Ta tura bulo biyu ƙarƙashin mai wuƙaƙe, ta zare kusar, ta ƙulle ta a bakin zanenta.

Auta ya fito yana suɗe hannu, ya ja ƙaho, injin ya taho ya bar mai wuƙaƙe zaune a kan bulo. Ya duba ƙasa, ya duba ƙarƙashin tirela, har kaji ya harara. Ta ce ya daina wahalar da kansa, kusar tana wurinta. Wasa ya ƙare daga nan, ya daina ce mata Injiniya.

"Yaya, don Allah ki ba ni. Mutumin nan dashensa yana rana. In muka saɓa masa, wallahi injin nan ya bar gidan nan."

"Na sani, Auta."

"Kin sani kuma kike yi?"

"Ɗauko sifana mai lamba goma sha bakwai. In mu biyu ne ba za mu kai awa uku ba."

Ya ce ai ba kusa ɗaya ce a duniya ba, ya rarumo guntun rodi daga gefen katanga zai cusa. Sai Dogo ya buga sandarsa a ƙasa, sau uku, da ƙarfin da ba su san ya rage masa ba. Auta ya dubi yayansa, ya yar da rodin, ya ɗauko sifana yana huci. Suka zauna suna kwancewa, tana gogewa da burushin waya a cikin baho. A nan ta yi kuskuren da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Hankalinta ya tafi kan ƙarfe, ba ta tuna ta aika a gaya wa Shugaba ya mayar da dashensa inuwa ya yayyafa masa ruwa ba. Mutumin yana can yana leƙen hanya, yana ce wa masu dashe yanzu za a zo.

Sun gama da la'asar. Ta mayar da kusar da hannunta, Auta ya tayar da inji, bai kai ƙofar gida ba sama ta ɓalle. Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Baƙar laka kuwa in ta sha ruwa haka ko mutum ba ya iya shigarta balle ƙarfe, sai da aka kwana biyar kafin gonar ta tsane. Dashen da ya sha rana wuni guda sannan ya kwana biyar a buhu, fiye da rabinsa ya ruɓe. Magana ta zaga unguwa, kowa da irin tasa, amma duk sun haɗu a kan abu guda: tunda Dogo ya kwanta, matarsa ta fara sa hannu a abin da ba ta sani ba, har tana ƙulle kayan ƙungiya a bakin zane. Masu sayen ƙwai a wurinta suka riƙa zuwa da yawa a makon, ba don ƙwai ba.

Rana ta shida da hantsi Shugaba ya zo da sakataren ƙungiya, Tela yana biye da su kamar wanda aka jawo da igiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa don a nan kujerar Dogo take. Shugaba dattijo ne mai magana a hankali, bai zo da faɗa ba, amma ɓacin rai yana fuskarsa. Ya gaida Dogo da jiki, ya ce shekara goma sha huɗu ba a taɓa saɓa alkawarin rana ɗaya ba sai bana. Ya ce 'yan ƙungiya sun zauna, da yawansu sun ce a ɗauke injin, shi ne ya roƙa a ba shi dama ya zo da sharaɗi guda: matar gida ta tsaya a aikin gida, ta bar ƙarfe ga masu shi. In an yarda da wannan, injin ya zauna.

Auta ya yi saurin cewa an yarda. Dogo ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Suka tsaya jiransa, bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, har sakatare ya kawar da kai don tausayi.

"Ni... ja kawai nake yi," in ji shi. "Duk shekarun nan... ita ce."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auta ya ƙarasa masa sauran, ya faɗi wanda ke wasa wuƙaƙe, da wanda ya kafa dokar Juma'a, da wanda ya karya ta, bai rage wa kansa komai ba. Tela ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Injiniya kuwa kunya ce ta rufe ta, da wani daɗi mai ciwo da ba ta taɓa jin irinsa ba, ta rasa inda za ta sa idonta. Don ta sami abin yi sai ta tashi ta jawo bahon da suka wanke wuƙaƙen a ciki. Dama ta so ta shanya abin da ta tsince ta ƙona, ruwan sama ya hana. Cikin kwana shida 'ya'yan sun tsiro a cikin lakar, bahon ya yi kore shar da ƙananan ganye masu tsini.

Shugaba ya daɗe yana kallon bahon. Ya sa hannu ya cire tsiro ɗaya, ya juya baƙin ɗan da ke gindinsa, ya mayar. Manomi ne, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya ce tattasai na damina ɗaya ne, wannan kuwa da ya bar wa 'ya'yansa gado. Ya yi mata godiya, ita kuma ta ba shi haƙuri a kan rashin aika masa, ta ce wannan laifinta ne ita kaɗai. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, Auta har ya fara sakin fuska.

Amma Shugaba ya ce da sauran abu ɗaya. Ya janye sharaɗin farko, ƙarfe na hannun mai shi. Sai dai gona arba'in ke jiran inji guda, kuma abin da ya tayar wa mutane hankali shi ne a ce mutum ɗaya zai iya zare kusa ya tsayar da kowa. Ba zai iya komawa ya ce musu a bar injin ba sai da alkawari a hannunsa.

"Baiwar Allah, ki ce min ba za ki sake riƙe shi ba in ana jiransa, ko me kika gani. Ki faɗa wa mai gonar, shi ya zaɓa. Kalma ɗaya ce, in kai musu."

Auta ya ƙura mata ido yana gyaɗa kai a hankali. Ta san abin da yake nufi: ki faɗa kawai, gobe ta Allah ce. Ta kuma san mai gonar da dashensa ke rana da hadari a kansa abin da zai zaɓa, kuma daga gonarsa wuƙaƙen za su wuce ta maƙwabcinsa da ba a tambaya ba. Ta dubi kujerar Dogo, ta dubi takun nan ashirin daga ƙofar ɗaki zuwa rumfa. Ba ta iya duban fuskarsa ba.

"Ranka ya daɗe, aike zan yi a kan lokaci, wannan na ɗauka. Amma in na sake ganin abin da na gani, zan sake zarewa. Ba zan ce maka na daina yau in sake gobe ba."

Shugaba ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ya so a ce ta yi masa ƙarya. Ya ce zai kai musu amsarta yadda ta faɗe ta, amma ya san mutanensa. Kuma ya san su ɗin, domin bayan kwana biyu sakatare ya dawo shi kaɗai ya ce an yanke a mayar da injin hannun wani mai gyaran injin niƙa da ke ɗaya ƙarshen unguwar.

Ranar da Mai Niƙa ya zo ɗauka, ya zo a ɗarare, yana tsammanin zai tarar da gaba. Ya tarar an wanke komai an jera. Ta riƙe shi tun hantsi har azahar. Ta nuna masa jan fenti da ma'anarsa, ta sa ya kwance wuƙa ya ɗaura da hannunsa har sau uku, ta nuna masa ramukan giris guda shida har da wanda ke ɓoye a bayan bel. Ta gaya masa gonar da ke cin bakin ƙarfe da wadda ba a shiga sai ta kwana biyu da ruwa. Ta gaya masa maganar Juma'a, ta ce ba doka ba ce yanzu, shawara ce. Ta haɗa masa da gwangwanayen notuna da magagarinta, waɗanda ba na ƙungiya ba ne. Mutumin ya rasa bakin godiya, sai cewa yake to, to. Auta ya taya shi loda kaya a tirela, ya bi su har bakin titi don kada a ga idonsa.

Ƙarar injin ta yi ta raguwa har ta ɓace. Rumfar ta yi faɗi, babu komai sai bulo huɗu da tabon mai a ƙasa, da Dogo a kujerarsa. Tun ranar zaman nan ba su yi maganar ba, tana ba shi abinci tana yi masa wanka tana kauce wa idonsa. Yanzu babu inda za ta kauce. Ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ce Maigida ka yafe min, kalma ɗaya aka nema na hana, na raba ka da abinka.

Ya kama hannunta da hannunsa na hagu, ya juya tafin yana kallon baƙin da ya zauna a layukansa. Maganar ta daɗe kafin ta fito, ta jira shi.

"Da kin ce musu... ba za ki sake ba," ya ce, "da ni da kaina... zan ce su zo su ɗauka."

Ta goge masa gefen baki da bakin zanenta, sannan ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta kwana takwas tana haɗiyewa.